Na'urar zuba wa kifi abinci da na saya a Kano: abin da na gani cikin wata takwas

Ni mai kiwon tarwaɗa ne, kwami huɗu gare ni a bayan gida, a wani ƙauye da ke tsakanin Auyo da Haɗeja. Mahaifina masunci ne, da koma ya ciyar da mu daga kogin Haɗeja tun kafin kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Saboda haka ba jiya na fara ba kifi abinci ba. Amma kifin teku da ke cikin akwatin gilashi a ɗakina ya nuna mini cewa hannun da ya saba da tarwaɗa yana iya kashe shi, kuma dalilin da ya kai ni ga sayen wannan na'ura ke nan.

Tankin ba ni na saya ba. Ƙanina ne ya yi shekaru yana aiki a Legas, can ya koyi ajiye kifin ruwan gishiri. Da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙasar waje ya rasa wanda zai bar wa, sai ya loda komai a mota, kifayen a bokiti biyu masu murfi da ɗan famfon iska mai batir, duwatsun cikin tankin kuma a jiƙe cikin wani bokitin. Da ya gama haɗawa ya ce da ni, “Yaya, kai kaɗai na yarda da kai, tunda ka san ruwa.” Kifi shida ya bar mini. Biyu masu launin lemo ne da farar ɗamara uku, masu harkar na kiransu kilawun, asalinsu daga tekun Indiya da yammacin Fasifik, ko da yake nawa a tanki aka ƙyanƙyashe su. Huɗun kuma ƙanana ne masu launi tsakanin kore da shuɗi, ana ce musu kuromis, kullum tare suke yawo.

Tankin lita 120 yake ci. Kowace lita tana son kusan giram 35 na gishiri, kamar yadda ruwan teku yake, ma'aunin gishirin ya tsaya a 1.025. Ba gishirin miya ba ne, haɗi ne na musamman da ake aiko mini daga Legas a motar haya. Ruwan kuwa a jarka nake sayo shi daga wata masana'antar ruwan leda a Haɗeja, domin na rijiyar burtsatsenmu bai yi ba. Famfo da fitila suna kan sola. Duk wannan wahala ce da na karɓa da hannu biyu, don in na idar da sallar isha'i na zauna gaban gilashin nan, gajiyar wuni tana sauka.

A bazarar da ta wuce na tafi Kano jinyar mahaifiyarmu, kwana huɗu. Na bar wa yara saƙo su riƙa ba kifi abinci safe da yamma. Ban auna musu ba, ban kuma ce wane ne zai bayar ba, kuma wannan sakacin nawa ne, ba nasu ba. Kilawun kifi ne mai roƙo. Da ya ga inuwar mutum sai ya taso saman ruwa yana kaɗa jiki, ko da yanzu ya gama ci. Duk yaron da ya shiga ɗakin sai ya ga kamar yunwa suke ji, ya barbaɗa musu. Yaran maƙwabta ma da suka zo kallo aka ba su suka barbaɗa. Ranar da na dawo, tun daga bakin ƙofa na ji warin. Ruwan ya yi fari-fari kamar tsari, abinci ya kwanta a kan yashi ya yi gashi, kifayen duk suna sama suna buɗe baki da sauri. Kuromis ɗaya yana maƙale a bakin matatar ruwa, ya mutu. Na ɗiga maganin gwajin amoniya, wato dafin da ke taruwa a ruwa, a ɗan kwalba, wanda ya kamata ya tsaya rawaya, sai ga shi ya koma kore. Autana ya tsaya a bayana yana kuka yana cewa, “Baba, wallahi mun ba su abinci, ba mu bar su da yunwa ba.” Na ce, “Na sani, Auta, na ga kun ba su.”

Ruwa ba ya tsami banza. Abincin da kifi bai ci ba ruɓewa yake yi ya zama amoniya, wanda ya ci ma rabonsa yana fitowa a matsayin amoniya. A tanki mai lafiya akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin duwatsu da cikin matata, su ke mayar da amoniya naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait naitiret, wanda cutarsa ba ta kai ta na farkon biyun ba. Amma yawan bakteriyar daidai yake da abincin da aka saba zubawa. In aka ninka abinci sau biyar a kwana ɗaya ba za su iya ninka kansu a kwana ɗaya ba. Ga wani abu kuma da mu masu tarwaɗa ba mu cika lura da shi ba: ruwan teku ma'aunin tsaminsa, wato pH, yana wajen 8.1 zuwa 8.3, kuma a irin wannan ruwa amoniya ta fi dafi fiye da yadda take a ruwan daɗi. Zafi yana ƙara mata dafi. Sannan ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar numfashi ba, ruwa mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba, ga ruɓewar abinci ita ma tana cin iskar. Waɗannan kifaye tsakanin digiri 24 zuwa 27 suke so, mu kuwa a watan Afrilu zafin garinmu yana haura 40. Komai ya taru musu a lokaci guda.

Tarwaɗa ba ta damu da wannan sosai ba. Allah ya yi mata abin shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa za ka same ta da rai a cikin taɓo. Kuma kiba muke nema da ita, a kilo ake saye, muna watsa mata abinci har sai ta daina wawaso, gobe ko jibi mu buɗe bututu mu zubar da ruwan mu tara sabo. Tankin gilashi ba shi da bututun zubarwa. Abin da ka zuba yana nan har sai ka cire shi da hannunka. A wancan karon sai da na canza lita 30 sau biyu cikin kwana uku, kowane canji ya ci fiye da kilo ɗaya na gishirin da ke zuwa daga Legas, na kuma hana su abinci kwana biyu cur kafin ruwan ya washe.

Da na koma Kano ɗauko mahaifiyarmu sai na nemi shagon masu sayar da kifin ado. Ƙaramin shago ne, yawancin kayansa na ruwan daɗi ne, kifayen zinariya da makamantansu. Saurayin da ke tsaron shagon ya burge ni da abu ɗaya: da na ce masa tankina na ruwan gishiri ne, bai yi mini ƙaryar sani ba. Ya ce, “Gaskiya Baba, mu ba ma ajiye na gishiri, amma na'urar dai ba ruwanta da irin ruwan.” Ya fito da ita, ya sa batir a gabana, ya danna ta juya. Ta farkon murfin gangarta ba ya kamawa da kyau, na nuna masa, bai yi musu ba ya buɗe wani kwali ya canza mini. Naira dubu 18 na biya, ya haɗa mini da batir biyu. Inda ya kuskure shi ne shawarar da ya ba ni, wai in cika gangar in saita ta sau huɗu a rana in manta da ita har wata guda. Da na bi wannan magana da yanzu babu kifi ko ɗaya a ɗakina. Ban riƙe shi a zuciya ba, abin da aka rubuta a jikin kwali ya maimaita.

Na'urar ba ta da wani suna sananne, ƙirar Sin ce, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Tana da 'yar ganga ta roba mai gani har hanji inda ake zuba abinci, da ƙaramar ƙofa mai zamewa da ake buɗewa ko a rage, da agogo a fuskarta. In lokacin da ka saita ya yi, gangar za ta juya sau ɗaya, abin da ya samu fita ta ƙofar ya faɗa ruwa. Tana karɓar lokaci har huɗu a rana, akwai kuma maɓallin da za ka danna ta juya nan take. Da maƙalli ake ɗaure ta a bakin gilashi.

Ban ɗora ta kan tanki ba sai da na gwada ta a faranti, kuma wannan ne abin da zan fi roƙon duk wanda ya saye ta ya yi. Na zuba ƙwayar abinci mai girman milimita 1, na rage ƙofar iya raguwarta, na danna sau goma, kowane juyi ina ƙirgawa da tsinken ashana. Uwargida na zaune gefe tana tsince shinkafa, ta ce, “Malam, yau kuma ƙwayar kifi ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya?” Na ce mata eh, don a nan ran nasu yake. Juyin farko ya zubo 41, na biyu 58, wani ya ba da 33, wani ya haura 60. Babu juyi biyu da suka zo daidai. Da na cika gangar maƙil sai ta ƙara yawa, da ta kusa ƙarewa sai ta ragu. Kifayena biyar kuwa abin da suke cinyewa tas a zama ɗaya bai wuce ƙwaya 25 ba. Wato ko a ƙaramin saitinta, ninki biyu take zubawa. An yi ta ne don tanki mai kifi da yawa.

Gyaran da na yi mata mai sauƙi ne. Na yanki salatif na rufe fiye da rabin ƙofar, na daina cika gangar, kashi ɗaya cikin huɗu kawai nake zubawa. Na sake ƙirgawa, ta koma tsakanin 17 da 28. Wannan na yarda da shi. Na kuma saita ta sau ɗaya tak a rana, ƙarfe tara na safe, lokacin da rana ta kama farantan sola kuma na tabbata famfo na aiki. Kifi baligi mai lafiya ba abin da zai same shi don ya ci sau ɗaya na 'yan kwanaki, ko ma ya kwana biyu bai ci ba. Abincin mai falle-falle kuwa kada ma a fara da shi. Na gwada, wani juyin ba ya fito da komai, wani kuma ya zubo dunƙule guda.

Yadda na gano ƙwaya 25 ɗin ba daga littafi ba ne, da agogon waya na zauna. Ƙa'idar da ƙanina ya ba ni ita ce abin da za su cinye cikin minti biyu, kada ko ɗaya ta kai ƙasa. Nakan kashe famfo, in jefa ƙwaya biyar ko shida, in jira su gama, in ƙara. Da farko da gudu suke kai cafka. Can sai ka ga macen kilawun, wadda ita ce babba a cikin biyun, ta ɗauki ƙwaya ta tofar, ta sake ɗauka ta tofar. Da na ga haka na san an kai. Ina kuma duba cikinsu: in ya ɗan taso kaɗan ya yi daidai, in ya shafe ko bayan kai ya rame to abincin ya yi kaɗan. Wannan gefen ma gaskiya ne, kada tsoron ɓata ruwa ya sa a bar su da yunwa. Kuromis a teku wuni suke yi suna tsintar ƙananan halittun da ruwa ke kawowa, cikinsu ƙarami ne, sun fi son kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku a kan tuli guda. Akwai ɗaya a cikin ukun da suka rage da 'yan uwansa ke kora, in ban jefa masa nasa a ɗaya kusurwar ba sai ya tashi da ƙwaya ɗaya ko babu. Na'ura ba ta san da shi ba. A wuri ɗaya take zubawa, mai ƙarfi ya ci ya ƙoshi.

Wasu abokan sana'a sun tambaye ni me ya sa ba na murƙushe abincin tarwaɗa in ba su, tunda ga buhuna a ɗaki. An haɗa shi ne don kifin ruwan daɗi ya yi saurin girma, kifin teku kuwa yana buƙatar wani irin mai da ake samu daga halittun teku, wanda jikinsa ba ya iya haɗawa da kansa yadda ya kamata. Gwangwani ɗaya na nasu yana kai ni wata da watanni, ba nan tsadar take ba.

Da damina ta sauka sai wasu matsalolin suka fito. A lokacin zafi ina kunna ƙaramar fanka a saman ruwa don ya huce, tururin da ke tashi kuma kai tsaye yake shiga gangar. A watan Agusta na buɗe ta na tarar abincin ya cure kamar danƙo, ya fara furfura, ƙofar ta toshe. Sa'a ina gida. Na zubar, na wanke, na shanya, sannan na sa kafinta ya yi mini ɗan katako da ya ɗaga ta kamar faɗin tafin hannu daga bakin ruwa. Ɗigon ruwan gishiri da ke fantsama shi ma ya shiga wurin batir, ƙarafunan suka fara tsatsa cikin wata uku. Ba don ruwan gishiri aka yi wannan ɓangaren ba, roba ko ɗaya babu a murfin da za ta hana laima. Na kankare da ɗan sanfefa na shafa basilin. Basilin ɗin nan ya yi mini aiki biyu, domin kiyashi sun gano gangar, sun yi layi ta jikin bango har ciki, sai da na shafa shi a jikin maƙallin suka daina hawa. Sai kuma ƙwayar da ke yawo a saman ruwa, igiyar famfo ta ja ta cikin matata kafin kifi ya gani, ta ruɓe a can ba wanda ya sani. Na yanko guntun tiyo na haɗa bakinsa ya zama zobe, na ɗaure shi daidai ƙarƙashin ƙofar, abincin na faɗawa ciki ya tsaya har su zo.

Abin da ya fi ba ni tsoro da ita bai shafi ƙirarta ba. Batir ɗinta daban yake da wutar gida. Wata rana ina Gumel wurin ɗaurin aure, hadari ya rufe kwana biyu, batiran sola suka yi ƙasa, inbata ta ɗauke cikin dare. Famfo ya tsaya, matata ta tsaya, ruwa ya kwanta. Ita kuwa ƙarfe tara na yi ta juya ta zuba abincinta a cikin ruwan da ba ya motsi. A irin wannan hali ba a ba kifi abinci sam, domin narkar da abinci yana ƙara masa buƙatar iska, ga bakteriyar matata ba sa samun ruwa. Allah ya sa babban ɗana ya shiga ɗakin da hantsi, ya ji shiru, ya kira ni. Na ce ya fara cire na'urar, ya kwashe abin da ke yawo da rariya, sannan ya kunna ɗan famfon iska mai batir. Ba mu yi asara ba. Tun daga ranar na rubuta a takarda na manna a jikin bango kusa da tankin: in famfo ya tsaya, a cire na'ura kafin a yi komai.

Ba zan zalunce ta ba, tana da abin yabo. Cikin wata takwas ba ta taɓa tsallake lokacinta ba in dai abincin a bushe yake. Batir biyun farko sun kai ni wata biyar, kuma akwai alamar da ke nunawa in sun kusa ƙarewa. Agogonta yana gaba da kamar minti uku a wata, wannan ba komai ba ne, sai dai in ka cire batir komai yana gogewa, sai ka sake saiti daga farko. Ba ta da ƙara. Tafiya biyar na yi da ita a kan tankin, mafi tsawo kwana shida, kowane karo na dawo na tarar ruwa garau, gwajin amoniya rawaya. Kuma ta ɗauke wa yara nauyin da bai kamata in ɗora musu ba tun farko. Yanzu aikinsu shi ne su leƙa su ga famfo na aiki, su ƙirga kifi biyar, su ƙara ruwan jarka marar gishiri zuwa layin da na zana a gilashi, tunda ruwa ne ke tashi da zafi, gishirin yana nan. Gwangwanin abincin kuwa a cikin akwatina nake kulle shi in zan fita.

Wanda yake da ɗan gida mai hankali da zai tsaya kan magana, ba lallai ne ya kashe dubu 18 ba. Robar nan ta ajiye magani mai gida bakwai da muke gani a kemis ta isa: a ƙirga abincin kowace rana a zuba a gidansa, a ce wa mutum ɗaya, shi kaɗai, ya juye gida ɗaya kowace safiya bayan ya tabbatar famfo na motsi. Na yi hakan a tafiyar kwana biyu, ya yi kyau. Amma gida mai yara da yawa da baƙi irin nawa, ko wanda zai rufe ɗaki ya tafi, na'urar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin a gwada ta a faranti, a rage ƙofar, a yi amfani da ƙwaya busasshiya, a kuma ɗaga ta daga bakin ruwa. Mai tanki babba da kifi goma sha wani abu wataƙila ba zai ma buƙaci salatif ba.

In ina gida ba na amfani da ita ko kaɗan. A minti biyun nan na ba da abinci ne nake ganin wanda bai taso ba, da wanda ya ɓuya bayan dutse, da wanda farin ɗigo ya fito masa a jiki. Da haka na gane a farkon hunturun nan cewa sanyin asuba ya fara taɓa su, don namijin kilawun ya zo ya shinshina ƙwaya ya koma, na duba ma'auni na ga zafin ruwan ya sauka zuwa digiri 22, na jona abin ɗumama ruwa a daren. Yanzu na'urar tana cikin kwalinta a saman kabad, na cire batiran, na naɗe ta a leda saboda ƙurar hunturu. Wata mai zuwa zan kai mahaifiyarmu Kano a sake duba ta, kwana uku kafin tafiyar zan sauko da ita in sake ƙirgawa a faranti, don salatif ɗin ya fara ɗagowa ta gefe ɗaya.